JIKINA YA BA NI: NA'URA, GAIBU DA AMANAR MAI BINCIKE

A cikin maganganunmu na yau da kullum akwai kalmomin da muke furtawa ba tare da mun tsaya mun dube su ba. Uwa za ta ce gabanta ya faɗi tun kafin a zo mata da labarin ɗanta. Matafiyi zai sauka daga mota a tasha ya ce jikinsa bai ba shi tafiyar ba. Wani zai ce tsikar jikinsa ta tashi, wata kuma ta ce idonta yana ta rawa tun safe, lallai akwai abin da ke tafe. A duk waɗannan maganganu Bahaushe yana ɗaukar jiki tamkar ɗan aike ne da ke riga hankali jin labari. To, can a Turai da Amurka akwai masanan da suka ɗauki irin wannan magana da gaske, suka ce in har jiki yana jin abin da bai faru ba tukuna, ai sai a ɗaura masa na'ura a auna. A 'yan shekarun nan kuma sun ƙara da kwamfuta mai koyo, wadda ake zuba wa bayanan bugun zuciya da gumin fata da motsin ƙwaƙwalwa, a ce ta tono alamar da idon mutum ya kasa gani.

Abin da wannan maƙala ke son dubawa shi ne: wace amana ce ke wuyan mutumin da ya fita neman abin da zuciyarsa ke matuƙar son ya zama gaskiya, musamman idan yana riƙe da na'urar da ba ta iya dawowa hannu rabbana ba? Tambayar ta masu kimiyya ce, amma kamar yadda mai karatu zai gani, ta shafe mu mu ma masu riƙe da alƙalami.

Dokin da ya ka da soja

A farkon shekarun 1890, wani saurayi Bajamushe mai suna Hans Berger yana aikin soja a rundunar mahaya dawaki. Wata rana ana cikin atisaye dokinsa ya zabura ya ka da shi a gaban igwar da dawaki ke ja. Saura ƙiris a take shi, mai jan igwar ya tsaya. Da yamma sai ga talgiram daga mahaifinsa yana tambayar lafiyarsa, domin 'yar'uwarsa da ke can wani gari mai nisa ta ji faɗuwar gaba a ranar, ta matsa lallai sai an buga masa waya. Wannan abu ya tsaya wa Berger a rai har ya bar karatun ilimin taurari da ya yi niyya, ya koma karatun likita, da fatan gano hanyar da tsoronsa ya bi ya isa ga 'yar'uwarsa.

A shekarar 1924, a birnin Jena, ya zama mutum na farko da ya ɗauki motsin lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan'adam ya zana shi a takarda. Bai buga sakamakon ba sai 1929, bayan ya shafe shekara biyar yana maimaita gwajin. Abin da ya fita nema bai taɓa samunsa ba. Amma na'urar da ya ƙirƙiro ita ce likitoci ke amfani da ita har yau wajen gano farfaɗiya da matsalolin barci. Ke nan neman kansa ba laifi ba ne, kuma ba wauta ba ce. Ribar ta samu ne domin mutumin ya bayyana abin da na'urarsa ta nuna, ya bar abin da bai tabbata ba a matsayin abin da bai tabbata ba.

Yadda ake tambayar jiki

Kafin a koma kan jiki, baki aka fara tambaya. A shekarun 1930, J. B. Rhine na Jami'ar Duke da ke Amurka ya riƙa gwada mutane da kati 25 masu alamomi iri biyar. Ana ɓoye katin a ce mutum ya canka. Wanda ke canki-canka kurum zai dace da kamar biyar, saboda haka duk wanda ya yi ta wuce biyar sai a ce akwai wani abu. An daɗe ana jayayya a kan sakamakon Rhine, kuma da aka tsaurara tsaron katunan sai abin ya riƙa dushewa.

Daga baya wasu suka ce watakila laifin na baki ne, wato jiki yana ji amma saƙon ba ya kaiwa ga harshe. A shekarar 1997 Dean Radin ya buga wani gwaji da ya shahara a wannan fanni. Ana zaunar da mutum gaban kwamfuta a manna masa wayoyi biyu a yatsu. Idan hankalin mutum ya tashi fatarsa takan tsatso da ɗan gumin da ido ba ya gani, gumin kuma yana sa ƙaramar wutar lantarki ta fi saurin ratsa fatar, na'ura ta rubuta. Sai mutum ya danna maɓalli, allo ya zauna babu komai na 'yan daƙiƙoƙi, sannan kwamfuta ta nuna hoton da ta zaɓa da ƙuri'a. Wani hoton na kwanciyar hankali ne, kamar fili ko furanni, wani kuma na tashin hankali, kamar haɗari ko gawa. Radin ya ce idan aka tara ɗaruruwan gwaji aka auna, gumin yakan ɗan fi tashi kafin hoton tashin hankali, alhali a lokacin ba a nuna shi ba tukuna.

A 2012, Julia Mossbridge da Patrizio Tressoldi da Jessica Utts suka haɗa rahotanni 26 na irin wannan gwaji da aka yi tsakanin 1978 da 2010, suka ce akwai ɗan tasiri ƙarami da bai yi kama da katari ba. Utts kuwa ba baƙuwa ba ce a ilimin ƙididdiga, domin ta shugabanci ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka a 2016. Masu suka suka kawo nasu bayanin. Suka ce idan an jera wa mutum hotunan natsuwa uku ko huɗu, fargabarsa takan yi ta hauhawa, yana cewa na gaba ne mummunan. Tun da kowane mummunan hoto shi ke yanke irin wannan jeri, to dole a tarar da fargaba a sama dab da zuwansa, kuma wasu hanyoyin lissafi za su nuna hakan tamkar hango gaba. Masu gwajin sun ce sun bincika wannan bai isa ya bayyana sakamakonsu ba. Yawancin masana halayyar ɗan'adam dai ba su gamsu ba.

A nan akwai bambancin da ya kamata mu riƙe. Cewa jiki yana riga hankali sani abu ne da aka gwada ta wata hanya dabam. A 1997 ɗin, Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu a Jami'ar Iowa suka ba mutane tarin kati huɗu, biyu masu riba a ƙarshe, biyu masu hasara. Suka lura tafin hannun mutum yakan fara gumi idan ya miƙa hannu ga tarin hasara tun kafin ya iya faɗin dalili da baki. Amma wannan sani daga abin da ya riga ya wuce yake, wato jiki ya tara darasin katunan da aka riga aka buɗe. Shi ne irin sanin tsohon direba da ya ji motarsa ba daidai take ba kafin ta tsaya, ko manomin da ya shaƙi iska ya ce a kwashe shanya. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Da yawa daga cikin "jikina ya ba ni" ɗinmu daga wannan gida suke. Da'awar su Radin ta fi haka nisa ƙwarai: cewa labari yana juyowa daga gobe zuwa yau.

Ɗalibin da ba ya cewa "ban gane ba"

Yanzu bari mu dubi sabuwar na'urar. Yadda kwamfuta mai koyo ke aiki bai da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa zama a aji. Ana ba ta misalai masu yawa tare da amsoshinsu: ga yadda zuciya da fata da ƙwaƙwalwar wane suka yi a daƙiƙa biyar ɗin nan, ga kuma hoton da ya biyo baya. Sai ta yi ta gyara lissafinta har ta sami ƙa'idar da ke haɗa alamun da amsar. Daga nan a kawo mata misalan da ba ta taɓa gani ba, a ga ko za ta ci jarrabawa. Fatan masu bincike shi ne, idan alamar ta warwatsu ne tsakanin ƙwayar ido da bugun zuciya da ƙwaƙwalwa ta yadda mutum ba zai iya haɗa ta ba, kwamfuta za ta haɗa.

Matsalar ita ce wannan ɗalibi bai san cewa "ban gane ba". Ko me aka ba shi sai ya fito da ƙa'ida. A ce an manna wayoyi 64 a kan mutum, kowace tana rubuta lamba 250 a daƙiƙa. Lambobi 16,000 ke nan a daƙiƙa guda, alhali mutanen da ake gwadawa sau da yawa 'yan gommai ne. A cikin wannan tarin lambobi dole a sami wasu da suka yi daidai da amsar bisa katari, kuma kwamfuta za ta haddace su kamar ɗalibin da ya haddace tambayoyin bara bai fahimci darasin ba. Mafi muni shi ne idan takardar jarrabawa ta fita, wato wani ɓangare na misalan gwaji ya kutsa cikin na koyo, ko mai binciken ya yi ta canza saiti yana leƙa sakamako har ya ga wanda ya yi masa daɗi. Kowane malami ya san darajar maki ɗari bisa ɗari a jarrabawar da ta fita.

Akwai wani dokin Jamus ɗin da ya dace a tuna. A farkon ƙarni na 20, wani malamin lissafi a Barlin mai suna Wilhelm von Osten yana da doki, shi ma Hans sunansa, wanda ake yi wa tambayar lissafi ya amsa da bugun kofato. A 1904 aka naɗa kwamiti ya bincika, bai sami wata damfara ba. Sai Oskar Pfungst ya gwada abu biyu: ya sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar, ya kuma kange idon dokin daga ganin mai tambaya. Nan take lissafi ya gagara. A littafinsa na 1907 ya bayyana cewa dokin yana kallon ɗan motsin kai da sakin jikin mai tambaya ne idan bugun ya kai lambar da ake jira. Labarin zuciya a tambayi fuska, dokin kuwa ya iya tambayar. Abin lura shi ne ba a kama von Osten da yaudarar kowa ba, alamu sun nuna kansa ya fara ruɗa.

A 2019 wasu masu bincike a Barlin ɗin suka nuna kwamfuta ma takan yi halin wannan doki. Wata manhaja da ta yi fice wajen gane hoton doki, ashe rubutun sunan mai hoto da ke kusurwar hotunan dawakin take kallo. Da aka manna rubutun a hoton mota sai ta ce doki ne. Kafin wannan, a 2009, Craig Bennett da abokansa sun bayyana yadda suka sa mataccen kifi a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna masa hotunan mutane, kuma lissafin da ba a tace ba ya nuna wani wuri a ƙwaƙwalwar kifin yana amsawa. Sun yi haka da gangan don jan kunnen 'yan'uwansu masana.

Lissafin abin a fili yake. Idan aka tara mutum 1,024 kowa ya canki faɗuwar kwabo sau goma, ana sa ran guda zai dace duka goman. In aka kawo shi kaɗai gaban jama'a aka sallami saura 1,023 a ɓoye, an naɗa boka ke nan. Haka kuma masana sun saba karɓar sakamakon da katari ke iya kawowa sau ɗaya kacal cikin 20. To wanda ya gwada hanyoyin lissafi 20 dabam-dabam, damarsa ta dacewa da aƙalla guda ta kai kashi 64 cikin 100, ko da babu komai a wurin. Mukan ce mai nema yana tare da samu don ƙarfafa gwiwa. A fagen bincike kuwa wannan karin magana gargaɗi ne.

Wanda ya ɗaure hannunsa

A 2011 Daryl Bem, sanannen farfesa a Jami'ar Cornell, ya buga gwaje-gwaje tara da ya yi da mutum sama da 1,000 a wata babbar mujallar ilimin halayyar ɗan'adam. A na farko, ɗalibi yana ganin labule biyu a allo, ya zaɓi wanda yake jin hoto na bayansa, sai bayan ya zaɓa kwamfuta ke yin ƙuri'ar inda hoton zai fito. Katari zai ba da kashi 50. Bem ya ce a hotunan da ke motsa sha'awa ɗalibansa sun kai kashi 53.1. Wasu masana uku a Birtaniya, Stuart Ritchie da Richard Wiseman da Christopher French, suka maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen sau uku ba su ga komai ba. Da suka aika wa mujallar da ta buga na Bem, sai ta ƙi karɓa, wai ba ta buga maimaici. Sai a wata mujalla aikin ya fito a 2012. Mai karatu ya ga yadda ake sallamar mutum 1,023 ɗin nan ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Amfanin da aka ci daga wannan rikici shi ne masana suka farga cewa hanyoyin da Bem ya bi su ne kowa ke bi, suka shiga sake gwada tsofaffin sakamako, da yawa kuma suka kasa tsayuwa. Daga nan al'adar rubuta alkawari tun kafin gwaji ta ƙarfafa: mutum nawa za a gwada, wane lissafi za a yi, wane sakamako ne zai zama "a'a". A 2023 aka buga wani babban maimaici na gwajin labulen a ƙarƙashin jagorancin Zoltan Kekecs na ƙasar Hangari. Masu yarda da abin da masu musunsa ne suka amince da tsarin tun farko, ana kuma ɗora bayanai a intanet kai tsaye inda kowa zai gani. Mutum 2,115 aka gwada. Sakamakon ya fito kashi 49.89 cikin 100.

A ganina nan amsar tambayarmu take. Amanar mai bincike ita ce ya bar ƙofa a buɗe ga amsar da ba ya so, ya kuma buɗe ta tun kafin ya san wace amsa ce za ta shigo. Masu yarda da suka sa hannu a wancan tsari sun cancanci girmamawa, domin sun ɗora abin da suke ƙauna a sikelin da ba su da iko da shi. Wannan sharaɗi yana kan mai musu shi ma: wanda ya ce ko me aka nuna masa ba zai duba ba, ya bar bincike ya koma taurin kai. Na'ura mai koyo ba ta ɗauke wa kowa wannan nauyi ba. Ƙara shi ta yi, domin tana ninka hanyoyin da son zuciya zai bi ya fito sanye da rigar lissafi, kuma sau da yawa ko mai ita ba ya iya faɗin abin da ta kalla ta yanke hukunci.

Wani zai ce, mu da muka yi imani gaibu na Allah ne, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne mutanen da za a cuta. Ko da an ɗauki kashi 53 ɗin Bem yadda yake, bai gaya wa kowa ranar mutuwarsa ba, bai nuna ɓarawo ba, bai zaɓa wa kowa mijin aure ba. Amma ɗan duba da ke bugun ƙasa a faifai ba zai rasa wayon da zai ajiye yashi ya ɗauki kwamfuta ba, kuma jama'armu suna ganin girman duk abin da aka ce na'ura ce ta faɗa. Mun san gidajen da suka watse saboda an ce an duba an ga kishiya ce ta yi asiri, da tsofaffin da aka jefa da sharrin maita. Na'urar gano maƙaryaci ma, wadda aka fara amfani da ita a shekarun 1920, take kuma auna gumi da bugun zuciya, babbar cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta ce a 2003 hujjar ingancinta mai rauni ce, musamman wajen tantance ma'aikata. Gumi tsoro yake nunawa, mai gaskiya kuwa yakan ji tsoro. Ranar da aka ce allo ya nuna jikin wance ya amsa laifi, wa zai tsaya mata?

Namu kason

'Yan'uwa marubuta, mu dubi littattafanmu. Sau nawa gaban jaruma ya faɗi a babi na uku ba a yi mutuwa a babi na huɗu ba? Sau nawa aka yi mummunan mafarki gari ya waye lafiya, aka ci tuwo aka kwanta? A rayuwa uwa takan ji faɗuwar gaba sau ɗari, ɗanta ya dawo lafiya sau casa'in da tara, ta manta da su ta riƙe guda. Idan muka rubuta gudan nan kaɗai, littafi bayan littafi, muna koya wa masu karatunmu ƙidayar dacewa da mantawa da kuskure, wadda ita ce ƙidayar da boka ke cin abinci da ita.

Ba ina cewa a kori mafarki da faɗuwar gaba daga adabi ba, domin suna cikin rayuwar mutanenmu, kuma marubucin da ya cire su ya rage gaskiyar labarinsa. Abin da nake roƙo shi ne mu cika hoton. Mu rubuta matar da jikinta ya ba ta mijinta yana cin amanarta, ta rushe aurenta, ashe ba haka ba ne. Mu rubuta direban da ya ƙi tafiya saboda wani sautin inji da kunnensa ya saba da shi shekara talatin, mu bar mai karatu ya gane daga ina sanin ya zo. Irin waɗannan labarai sun fi wuyar rubutawa, amma wanda ya karanta su zai fi iya tambayar mai faifai da mai kwamfuta: sau nawa ka faɗa bai faru ba, kuma ina ka rubuta su?

Allah Ya ba mu ikon faɗin abin da muka gani gwargwadon yadda muka gan shi, Ya kuma tsare mu daga ruɗin kanmu, amin.